Ku Tambayi Masana: Ƙera Feftayid Masu Kama Juna da Kwamfuta

Yawancin wasiƙun da suka iso filin kimiyya a wannan karon a kan abu guda suke, wato gajerun sarƙoƙin amino asid (tubalan da ake gina furotin da su), waɗanda ake kira feftayid, da ake tsarawa a kwamfuta domin su riƙa kama juna bibbiyu. Mun taƙaita tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da bayoloji a makarantar sakandare. Na karanta cewa masana suna ƙera feftayid biyu su manne da juna, kowanne ya ƙi kama wani in ba abokinsa ba. Mene ne ke haɗa su? Daga wani malami a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka san yadda ake tufka igiya: kowane sili ana murɗa shi ta gefe guda, sannan silin biyu su nannaɗe juna ta ɗaya gefen. Haka abin yake. Kowane feftayid yana murɗewa ta dama ya zama abin da ake kira alfa-helis, sannan helis biyu su nannaɗe juna ta hagu. Za mu riƙa kiran wannan tsari tufka. Ba baƙon abu ba ne a jiki: keratin na gashi da ƙaho da kofato tufka ne, haka wutsiyar mayosin da ke cikin tsoka. Francis Crick ne ya bayyana lissafinsa a 1953, ya nuna cewa reshen kowane amino asid na sili ɗaya yana shiga gurbin da rassa huɗu na ɗaya silin suka bari.

Sirrin yana cikin lamba bakwai. Helis yana yin zagaye ɗaya da amino asid 3.6, amma a cikin tufka lissafin yana komawa 3.5, saboda haka amino asid bakwai suna ba da zagaye biyu daidai. Kowane bakwai zango ɗaya ne, ana yi wa gurabensa laƙabi da a, b, c, d, e, f, g. Na a da na d suna faɗowa a fuska guda. Idan aka zuba musu amino asid masu ƙin ruwa, irin su lusin, mai alamar L, da aisolusin, mai alamar I, sai a sami wani layi mai maiƙo daga sama har ƙasa. A cikin ruwa wannan layi ba ya son zama a buɗe, sai ya nemi irinsa a jikin wani sili su rufe juna. Ƙarfin kamun daga nan yake fitowa.

Zaɓen aboki kuwa aikin e da g ne. Suna gefen layin maiƙon, kuma g na sili ɗaya yana fuskantar e na ɗaya silin. Idan ɗaya gulutamet ne, E, mai cajin negatif, ɗayan kuma laisin, K, mai cajin fositif, za su ja juna. Idan E ya fuskanci E, ko K ya fuskanci K, ture juna za su yi. A 1993 ɗakin binciken Peter Kim a Amurka ya yi amfani da wannan ya ƙera feftayid biyu, ACID-p1 mai E a duk e da g, da BASE-p1 mai K. Kowanne shi kaɗai ba ya murɗewa sosai, amma ana gauraya su sai su tufke. Robert Hodges na Jami'ar Alberta a Kanada ya fito da wasu masu sauƙin hadda: EIAALEK sau uku, da KIAALKE sau uku. Amino asid 21 kowanne, kuma a rahoton 2002 ma'aunin rabuwarsu, Kd, nanomola 70 ne (nanomola awon yawan abu ne a cikin ruwa). Ƙaramin Kd na nufin kamu mai ƙarfi.

Tambaya: Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin bayokemistiri. Ina son in tsara haɗi huɗu, wato feftayid takwas, waɗanda ba za su shiga sabgar juna ba. Kwamfutata ƙarama ce. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ƙaramar kwamfuta ta ishe ki. Abin da zai ba ki wahala shi ne tunanin abin da za ki sa ta lissafa.

Fara da ƙidaya. Feftayid takwas suna iya haɗuwa ta hanya 36, idan an haɗa da kowanne ya kama irinsa. Huɗu kike so, 32 ba kya so. Idan kin kai 16, hanyoyin sun zama 136, takwas kawai ake so. To kin ga yawancin aikin na hanawa ne. Sa feftayid biyu su kama juna abu ne mai sauƙi, ki cika a da d da maiƙo kawai. Hana su kama wanda ba nasu ba shi ne gwanintar, kuma a nan yawancin masu farawa suke faɗuwa, domin ƙarfin kamu suke bi.

Ki tsayar da tsawo a zango huɗu, amino asid 28, tsayin kusan nanomita 4. Ki jera kowane zango daga g zuwa f, kamar yadda jerin Hodges yake. Gurbin d ki ba shi L ko'ina, kada ki taɓa shi. Gurbin a ki ba shi zaɓi biyu: I, ko asfarajin mai alamar N. Guraben e da g, E ko K. Na b da c ki fara da alanin, A, domin ya fi kowane amino asid son murɗewa. Na f kuma yana waje ta bayan helis, ki sa masa gulutamin, Q, ko K, saboda narkewa a ruwa. A f guda ɗaya ki ajiye tiriftofan, W, ko tairosin, Y, za ki buƙace shi wajen awo. Furolin kada ya shigo ko kaɗan, yana karya helis. Gilaisin, G, a baki biyu kawai.

Za ki ce me ya kawo N, mai son ruwa, cikin layin maiƙo? Gaskiya yana rage ƙarfi. Amma N yana jure zama a can ne kawai idan ya fuskanci wani N su yi haɗin haidurojin. Idan I ya fuskanta, tsarin yana biyan tara mai yawa. Wannan tara ita ce abin da kike nema. Tana tilasta wa silin biyu su daidaita kai da kai, wato farkon kowanne a gefe guda, zango a kan zango, tana kuma hana su zama uku ko huɗu. A tufkar GCN4 (wani furotin na yis), wadda aka fitar da hoton tsarinta a 1991, akwai N a gurbi na 16. Da aka musanya shi da amino asid balin sai ƙarfi ya ƙaru, amma abin ya zama gauraye na biyu da na uku. Haka Lumb da Kim a 1995 suka cire N ɗin ACID da BASE suka sa L, sai suka sami haɗin huɗu da bai tsaya a fuska guda ba.

Yanzu lissafi. Guraben a huɗu, zaɓi biyu-biyu, 16 ke nan. Guraben e da g takwas, 256. Jimla jeri 4,096, waɗanda ke ba da haɗi 8,390,656. Ki zubar da marasa N, da masu N uku ko huɗu domin ba za su tufke da kyau ba, sai ya rage 2,560. 'Yan layukan Python sun isa su jera su.

Sai ba da maki. A kowane haɗi na kai da kai akwai fuskantar a da a guda huɗu, da fuskantar g da e guda takwas. Domin koyo, ki ba E da K maki 1, E da E ko K da K ki cire 1, I da I maki 2, N da N maki 1, I da N ki cire 2. Waɗannan lambobin na gwaji ne, don ki ga manhajarki tana aiki. A aikin gaske ki koma ga ma'aunin da aka gina a kan awon ɗakin gwaji, kamar bCIPA na Jody Mason, wanda yanzu yake Jami'ar Bath a Ingila, mai hasashen zafin da tufka za ta warware, ko ma'aunin da ɗakin Amy Keating na MIT ya fitar a 2015.

Ga inda ake yawan yin sakaci: ana lissafa zama iri ɗaya kawai, alhali feftayid bai san abin da kika nufa ba. Dole kowane haɗi ki gwada shi kai da kai daidai, ki gwada shi a goce da zango ɗaya ko biyu sama da ƙasa, sannan ki juya ɗaya ki gwada kai da wutsiya. A wannan na ƙarshe dokar ta sauya: a yana fuskantar d, e yana fuskantar e, g yana fuskantar g. Ɗauki misali. Kin yi haɗi na farko, ɗaya E zalla, ɗaya K zalla. Na biyu kuma kin ce bari ki yi wayo: zango biyu na sama E, biyu na ƙasa K, abokinsa akasin haka. A lissafin kai da kai komai lafiya, domin idan ya gamu da mai E zalla ja huɗu ne, turi huɗu, sun kashe juna. Amma ki juya shi a kan kansa, kai da wutsiya: rabinsa mai E ya sauka a kan rabin K na ɗan'uwansa, ya sami aboki ba tare da abokin da kika yi masa ba. Ko kuma ya goce da zango biyu, kowanne ya bar rabi a waje yana jiran wani, a yi ta jerawa har abin ya zama zare. Ɗakin binciken Dek Woolfson a Ingila ya yi amfani da wannan gocewar da gangan a 2000 ya ƙera zaruruwa. A wurinki kuwa gurɓataccen ruwa ne a ƙasan kwalba. Saboda haka ki warwatsa cajin, kada ki tara shi rabi da rabi, ki kuma sa N inda juyawar za ta jefa shi a kan L.

Mataki na ƙarshe shi ne tsince rukuni. Ki ɗauki haɗe-haɗen da suka sami maki mai yawa, ki nemi huɗu waɗanda mafi raunin cikinsu ya fi mafi ƙarfin 32 ɗin nan da ba a so. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce darajar rukunin, ba makin zakaran cikinsu ba. A ganinmu, in hasashen tazarar a zafin warwarewa bai kai digiri 15 ba, kada ki kashe kuɗi a kansa, domin kuskuren hasashe kaɗai na iya cinye ta. Kuma ki san iyaka: Helena Gradišar da Roman Jerala na Lubliyana a Sulobeniya sun fitar da haɗi huɗu, P1 zuwa P8, a 2011. Sai a 2023, bayan an tace dubban haɗe-haɗe a cikin bakteriya, aka ba da rahoton rukuni mai haɗi 15. Huɗu buri ne mai kyau ga digiri na biyu.

Tambaya: To AlphaFold fa? Ba zai yi duk wannan ba? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, AlphaFold, shirin kwamfuta mai hasashen siffar furotin daga jerin amino asid ɗinsa, yana da amfani, amma ba a wannan gurbin ba. Idan ka ba shi feftayid biyu masu zangon bakwai-bakwai, sau da yawa zai zana maka tufka kyakkyawa, ko da a kwalba ba sa kama juna. Kai ne ma kake gaya masa sili nawa ne, alhali wannan ce tambayar. Ba ya ba ka Kd, ba ya sanin gishiri ko tsamin ruwanka. Ka yi amfani da shi a ƙarshe, ta ColabFold, hanyar gudanar da shi a intanet, ka duba ko ya juya maka silin kai da wutsiya. In ya juya, gargaɗi ne. Don gina hoton tufka da lissafin Crick akwai manhajojin CCBuilder da ISAMBARD na Jami'ar Bristol. Shirin kwamfuta Rosetta na David Baker, wanda ya sami rabin kyautar Nobel ta kemistiri a 2024, ya fi ƙarfi a manyan tsare-tsare. A 2019 ɗakinsa ya fitar da haɗe-haɗe masu helis huɗu, biyu daga kowane ɓangare, da ake bambanta su da saƙar haɗin haidurojin a ciki. Sun fi girma, kuma ba aikin ƙaramar kwamfuta ba ne.

Tambaya: Mun yi odar feftayid biyu, mun gauraya, amma na'urar CD, mai auna murɗewar helis da haske, ta nuna murɗewa kaɗan. Wani haɗin kuma ya murɗe sosai, sai dai nauyinsa ya fi na biyu. Me ya faru? Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaji a Kano.

Amsa: Malam, matsala biyu ce daban, bari mu bi su ɗaya-ɗaya.

A ta farko, kafin ka zargi zanen ka zargi awo. Garin feftayid da ke zuwa a kwalba ba feftayid ba ne zalla: akwai ruwa, akwai gishirin TFA, wani asid da ake amfani da shi wajen haɗawa da tacewa, da ya maƙale a kowane K. Wani lokaci kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin ko fiye ba feftayid ba ne, kuma mai K ya fi mai E ɗaukar gishirin. In ka auna da sikeli ka gauraya, ba ɗaya-da-ɗaya ka haɗa ba. Amfanin W ɗin da muka ce a ajiye ke nan: ka auna shan haske a nanomita 280. W guda yana da ma'aunin shan haske kusan 5,500, Y kusan 1,490. Idan feftayid mai W ɗaya ya ba ka 0.55 a kwalbar santimita 1, maikromola 100 ke nan.

Sai ka duba bakunan. An rufe kan da asetil, wutsiyar da amaid? In ba a rufe ba, cajin da ke bakunan yana yaƙi da helis, kuma a gajeren feftayid wannan kaɗai na iya rage murɗewa sosai. Dole a rubuta shi a takardar oda, kamfani ba zai yi maka don kansa ba. Ka duba yawan abin da ka zuba kuma: in Kd ɗin haɗin maikromola 10 ne, kai kuma kana awo a maikromola 1, yawancinsu a rabe suke. Ka maimaita a 10, a 50, a 100. Tufkar gaske tana ƙara murɗewa da ƙarin yawa, zafin warwarewarta ma yana hawa. Shi ya sa duk wanda ya gaya maka zafin warwarewa bai faɗi yawan da ya auna ba, bai gaya maka komai ba.

Ga yadda awon CD mai kyau yake. Ruwan fosfet a pH 7 zuwa 7.4, kwalbar milimita 1. In kana son ganin ƙasa da nanomita 200, rage kuloraid domin yana shanye haske a can. Helis yana ba da rami biyu a zanen awon, a nanomita 208 da 222. Cikakken murɗewa yana kai kusan 30,000 a ƙasan sifili a 222, kuma a tufka zurfin 222 yakan kai na 208 ko ya ɗara shi. Ka auna kowane feftayid shi kaɗai, sannan gauraye; gaurayen ya kamata ya zarce matsakaicin biyun nesa. Daga nan ka tsaya a 222, ka ɗaga zafi daga digiri 5 zuwa 95, digiri ɗaya a minti, sannan ka sauko. In layin saukowa bai bi na hawa ba, abin ya dunƙule, lambar da ka samu ba ta da amfani. Kuma duka haɗe-haɗen za ka auna, har waɗanda ba ka so. Mai feftayid takwas awo 36 ke jiransa.

Kada ka manta da tsami. Gulutamet yana fara rasa cajinsa idan pH ya sauko wajen 4 zuwa 5. Turin da ke tsakanin E da E ya tafi, sai mai E zalla ya kama kansa. Gishiri mai yawa ma yana dushe caji, ya rage bambancin aboki da baƙo. In aikin cikin ƙwayar halitta za a kai shi, ka gwada a gishiri milimola 150.

Matsala ta biyun kuwa, ta nauyin da ya fi na sili biyu, daga guraben a da d take. Masani Pehr Harbury da abokan aikinsa sun nuna a 1993, a jikin GCN4, cewa I a gurbin a da L a gurbin d yana ba da biyu, I da I yana ba da uku, L a gurbin a da I a gurbin d yana ba da huɗu. Dalili shi ne kusurwar da reshe ke shiga gurbinsa ta bambanta a kowane tsari, kuma I, mai rassa kusa da gindi, yana dacewa da wata kusurwar ya ƙi wata. Amma dokar ba ta da tabbas ita kaɗai. A 2012 ɗakin Woolfson ya gwada ta a jeri ƙirƙirarre: mai I da L ɗin nan, wanda aka sa ran biyu, uku ya bayar, sai da aka sa N a zango na uku ya koma biyu. Shi ne ake kira CC-Di. To ka duba naka. In babu N, ga amsarka. In akwai, ka duba e da g, ko ka sa musu wani abu mai maiƙo wanda ya faɗaɗa layin har ya isa sili uku.

Da me ka auna nauyin ma? In da kwalam mai tace girma ne kawai, yi hattara: tufka doguwa ce siririya, tana fitowa da wuri kamar ta fi girmanta. Feftayid mai amino asid 30 nauyinsa wajen dalton 3,300 ne, biyu 6,600, uku 9,900. Na'urar juyawa ta AUC, ko SEC-MALS mai auna warwatsuwar haske, su ne ke raba gardama. CD ba ta ƙirga sili, ba ta kuma sanin wane ne kai wane ne wutsiya.

Tambaya: A haɗa su da sinadari ya fi, ko a sa bakteriya ta yi? Daga wata malamar jami'a a Sakkwato.

Amsa: Malama, ya danganta da inda za a kai su. Don awo, sinadari ya fi tsabta. Hanyar Bruce Merrifield ce ta 1963: a ɗaure amino asid na ƙarshe a jikin ƙwayoyin resin, a riƙa ƙara ɗaya-ɗaya. A salon Fmoc, sunan murfin kariya da ke kan kowane amino asid, ana cire murfin kowane mataki da fiferidin kashi 20 cikin DMF, resin ɗin Rink shi ke ba da wutsiyar amaid, a ƙarshe a yanke da TFA kashi 95, ruwa 2.5, TIS 2.5, a zubar a sinadarin ita (ether) mai sanyi, a tace da na'urar HPLC, a tabbatar da nauyi. Lissafin asara ya kamata kowa ya sani: in kowane mataki ya yi nasara kashi 99, bayan mataki 28 kashi 75 ne cikakke; in 98 ne, 57; in 95, 24 kacal. Sauran masu giɓi ne, kuma feftayid da ya rasa amino asid ɗaya a tsakiya ya rasa tsarin bakwai daga nan zuwa ƙarshe. Don CD ki nemi tsabta kashi 95 ko sama, miligiram 2 zuwa 5 ya isa farawa. A jeri ki guji asfatet biye da G, da N biye da G, domin suna lalacewa; metiyonin yana shan iska; sistin kuma yana ɗaure sili biyu ba da izininki ba.

Ajiya: gari busasshe, a digiri 20 ƙasa da sifili. In kin fito da kwalba ki bar ta ta huce kafin ki buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a ciki. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, garin ya fi narkakken jurewa nesa ba kusa ba, saboda haka ki raba shi ƙananan kwalabe, ki narkar da na ranar kawai.

A bakteriya kuwa, gajeren feftayid shi kaɗai E. coli tana narkar da shi. Sai an liƙa shi a jikin babban furotin irin SUMO ko MBP, da histidin shida don kamawa, a yanke daga baya. Nau'in E. coli BL21(DE3) ake yawan amfani da shi, a zuba IPTG, sinadarin da ke kunna samar da furotin ɗin, idan duhun ruwan ya kai 0.6 a nanomita 600. Abu biyu ke ɓata aiki. Zangunan suna kama da juna, to in DNA ɗinsu ma iri ɗaya aka rubuta, bakteriya na iya tsallake wani ta yar. Ki sassauya kodon, wato haruffan DNA uku-uku masu nuna kowane amino asid, a kowane zango. Sannan mai K zalla yana manne wa DNA da RNA saboda cajinsu negatif ne, yana iya hana ƙwayar girma. Ki rage masa caji ta hanyar sa E a wasu guraben f. Tsakanin feftayid da furotin da aka liƙa masa ki bar mahaɗi mai laushi na G da serin, amino asid 5 zuwa 15. In ba ƙira kike son koya ba, amfani kawai, kada ki sake sabo: jerin SYNZIP na ɗakin Keating da na Jerala an wallafa su tare da awonsu.

Tambaya: Duk wannan wahala, me ake yi da su? Daga wani mai sayar da magani a Kumasi.

Amsa: Alhaji, a bayolojin ƙira, wato fannin sake tsara halittu don su yi wani aiki, ana son a ce wa furotin biyu ku haɗu, ba tare da sun taɓa wasu ba. A liƙa wa ɗaya sili, a liƙa wa ɗayan abokinsa, shi ke nan. Da haka ake jera enzayim kusa da juna, ko a kai furotin wani lungu na ƙwayar halitta, ko a kunna wani yanki na DNA. Ana iya saita ƙarfin ma: a 2013 an nuna a Bristol cewa sauya tsawo daga zango uku zuwa huɗu yana kai Kd daga maikromola zuwa ƙasa da nanomola ɗaya. Wani aikin kamu mai sassauci yake so, wanda za a iya ƙwacewa da sili mafi ƙarfi a kashe shi.

A 2013 ɗakin Jerala ya jera sili 12 a sarƙa guda, kowanne ya nemo abokinsa, haɗi shida suka zama gefuna shida na dala mai fuska huɗu, kowane gefe wajen nanomita 5. Sili ɗaya ya kama wanda ba nasa ba, dalar ta rushe. A 2018 ɗakin Wilson Wong na Jami'ar Boston ya raba makamin ƙwayoyin garkuwar jiki masu yaƙar kansa gida biyu: sili ɗaya a jikin ƙwayar, abokinsa a jikin abin da ke gane ciwon, yadda za a iya sauya abin hari ko rage ƙarfi ba tare da sake ƙera ƙwayar ba. Wannan bincike ne, ba maganin kanti ba.

Wanda ya shafi sana'arka shi ne enfubitaid, mai sunan kasuwa Fuzeon, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2003. Ƙwayar cutar HIV tana shiga ƙwayar halittar mutum ne idan furotin ɗinta gp41 ya naɗe ya zama damin helis shida. Maganin feftayid ne mai amino asid 36, kwafin wani yanki na gp41, yana riga na asalin shiga gurbin ya hana damin rufewa. Allura ce ƙarƙashin fata, miligiram 90 sau biyu a rana, domin in aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar kowane furotin na abinci.

Tambaya: Ana buƙatar izini kafin a yi irin wannan a Najeriya? Daga wani ɗalibi a Bauchi.

Amsa: Zane a kwamfuta da awon feftayid a kwalba aikin kemistiri ne. Da zarar za ka sa DNA ɗin a cikin bakteriya ko wata ƙwaya mai rai, ka shiga hurumin hukumar NBMA mai sa ido kan lafiyar fasahar halittu a Najeriya, wadda aka kafa da dokar 2015, aka kuma faɗaɗa dokar a 2019 ta haɗa da bayolojin ƙira da gyaran DNA. Ka fara da kwamitin kula da lafiyar gwajin halittu na makarantarku, tare da malamin da ke duba aikinka, kafin ka yi odar DNA. Ka tafi musu da jerin, da sunan nau'in bakteriyar, da bayanin yadda za ka kashe ta bayan gwaji: tukunyar otokilab, digiri 121, aƙalla minti 15, in shara ce mai yawa minti 30 ko fiye.